Na Goma Sha Biyu

Finafinai goma sha ɗaya Hamajam ya yi kafin wannan.
Ni na riƙe masa sandar ɗaukar murya a bakwai,
don haka ba ji na yi a bakin kasuwa ba.
Duk kanwar ja ce:
alhaji, motar aro,
mari a falo, kuka a ƙofar asibiti,
mugu ya tuba saura minti biyar a tashi.
Ɗumame ne. A ci, a wanke hannu, a manta.

Ranar Talata ce, Garwa na tafasa.
'Yan wasa suka ƙi zuwa, suna bin sa kuɗin mako uku.
Kyamara kuwa ta haya,
sefa dubu goma sha biyar zuwa magariba,
ko ka ɗauka ko ka zauna kana kallon ta.
Ya ce, "Taso mu je Binuwai,
ko ruwa ne in ɗauka,
kada kuɗina su bi iska."

A ƙasan gada muka tarar da Baba Kacalla
yana toshe kwalekwalensa da tsumma da kwalta.
Ya riga ya sayar,
gobe mai shi zai zo daga Pitowa,
amma ya ce ba a miƙa wa mutum abu yana yoyo.
Yana aiki yana yi wa itacen magana
kamar mai sallamar ɗa za shi Kudu:
"Ka ji, kada ka yi masa taurin kai, yaro ne.
Dorina in ta buɗe baki
ba gaisuwa take yi ba."

Hamajam mai tsawa, mai "sake! sake!"
wanda bai taɓa barin kowa ya gama numfashi ba,
ranar bakinsa ya mutu.
Ya kafe ƙafafun kyamara a yashi,
ya tsuguna.
Hannuna ya yi tsami, ban sauke ba.
Wata mai bandar kifi ta gitta ta gaba, ba a kore ta ba,
hayaƙinta ya shiga hoton ya zauna.
Sai tsohon ya gama, ya wanke hannu,
ya ɗauki filafili,
ya tsaya da shi,
ya rasa inda zai jingine,
domin shi ba ya cikin ciniki.

An haska shi a gidan kallon Yelwa
daren da babu ƙwallo.
Da farko tsaki: ina jarumar? ina waƙa?
Can tsaki ya ƙare.
Mai shayi ya bar butarsa ta ƙone.
Wani ƙato mai babur ya fita waje
wai ƙwaro ne ya faɗa masa a ido.
Da aka kunna fitila
ba wanda ya so ya fara tashi.

Na goma sha uku: alhaji, motar aro.
Na sha huɗu ma haka, har da maciji.

Kwanan baya a gindin darbejiya na tuna masa.
Ya ce, "Wancan? Ai hasken bai yi ba,
ga iska ta ɓata sauti."
Wanda yake alfahari da shi
shi ne wanda mota ta kama da wuta.

Na daɗe ina jin haushinsa, yanzu na bari.
Akwai masuncin da shekara talatin
tarwaɗa kaɗai ya sani,
rana ɗaya giwan ruwa ya faɗa komarsa.
Ba a ce ya ƙware ba,
amma dai bai saki igiya ba.

Baba Kacalla ya rasu da damina.
Kwalekwalen, an ce, har yanzu ba ya yoyo.
Hamajam na neman motar aro zuwa Asabar.
Ni kuwa in an tambaye ni me ya iya,
sai in ce:
sau ɗaya, a bakin ruwa,
ya yi shiru na minti arba'in,
kuma ina wurin.