Hawa na Uku

Haliru ya ce, "Inna, ki dawo Hanwa,
ɗakinki na Kusfa ya soma zuba."
Na taho da turmina, da taɓarya biyu,
da tukunyar da ta girme shi da damina huɗu.

Gida goma sha biyu a cikin gida guda,
wani kan wani, kamar jeren kwalla.
Fenti ruwan ƙwai, gilashi mai duhu,
baƙaƙen tankuna a ka, sai ka ce masu tallar ruwa.
Na nemi zaure, aka nuna mini ƙofar ƙarfe.
Na nemi tsakar gida, aka nuna mini baranda
wadda tabarma ba ta shiga sai an naɗe mata baki.

Matakala talatin da takwas.
Gwiwata ce ta ƙirga, ba ni ba.

Ranar da na fara daka,
sau uku na saki taɓarya, sai ƙwanƙwasa.
Dattijo ne da tabarau, yana haki.
Ya ce, "Hajiya, daɓenki shi ne rufina.
Ke kina dakan gero, ni nake zama gari."

Tun ranar turmi ya koma kujera.
Kuɓewar da na shanya a bakin taga
iska ta rabar wa motocin ƙasa.

Ta bututu na san maƙwabtana.
Ta sama da ni na wanka tun kafin assalatu,
Rifkatu ke nan, mai jinya a Shika.
Na dama sai dare ya raba suke soya albasa.
Na ƙasa kuwa, Malam Dalhatu mai tabarau,
tarinsa ke hawo mini kullum dare.
Wata tara ina jin tarin nan,
ban taɓa sauka na ce sannu ba.

Kada dai in ci amanar bene:
ba yoyo, ba yaɓe, ba gara a jikin azara,
kuma da la'asar Kufena kan zo har tagata
ya zauna, mu yi shiru tare.

Ran wata Talata tarin ya ɗauke.

Aka ɗauko makara daga masallaci.
Da za ta hau, a tsaye aka hau da ita kamar tsani.
Da za ta sauko da mai ita,
kwanar matakala ta ce ba hanya.
Wanda ya zana gidan nan, Allah ya yi masa albarka,
ya auna firji, ya auna gado,
ya auna kujera mai zaman mutum uku,
bai auna mutum a miƙe ba.

Aka mayar da makara ƙasa, aka nemi tabarma.
Tawa ce ta fita, ta kaba, 'yar Kusfa.
Maza suka jeru, kowa da matakalarsa:
malamin jami'a, mai gadi, ɗan bautar ƙasa,
da Haliru, wanda bai san sunan kowa ba.
Hannu na miƙa wa hannu,
yadda ake miƙa tubali ranar gini a unguwarmu,
har Malam ya sauka, bai taɓa bango ba.

Ran sadakar uku aka ce gumba,
aka dubi juna: gida goma sha biyu, injin markaɗe tara,
turmi ɗaya.

Samari suka sauko da shi wurin ajiye motoci.
Rifkatu ta ɗaura zani kan farin kayan aiki,
ta karɓi taɓarya ta biyu,
ashe hannunta ya san lugude.
Na saki tawa sau uku, sai na tsaya,
kunnena na jiran ƙwanƙwasa.

Ta ce, "Inna, daka mana."

Turmin na can ƙarƙashin matakala har yau.
Mai gidan ya aiko takarda a ɗauke shi.
Mun sa ta a ƙasansa, don dama yana ɗan rawa.