Shuɗin da Ba Na Baba Ba

Ni ce na daka shi.
Kada a ɗora wa Iya Tasalla ta Kasuwar Rimi,
ita dai gwangwani biyu ta auna mini,
ta ce kurkur na sassauta gwiwa,
ta ƙara gyara da ɗan masoro.

Kullum asuba cokali biyu, cike har da tozo,
a ruwan zafi da zuma.
Abba ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sa mini albarka,
sannan ya haɗiyi 'yar ƙwayarsa ta asibiti,
mai tsinka jini, ba ta kai ƙwayar wake ba,
wadda yake sha tun da jini ya daskare masa a ƙafar hagu.

Shekara arba'in da ɗaya yana tsoma hannu
a marinar Ƙofar Mata.
Shuɗi ya zauna masa har gwiwar hannu,
sabulu ya gaji ya sallama.
To wa zai ga shuɗi a kan shuɗi?
Da tabo ya fito masa a dantse na ce rini ne ya haura.
Da ya fito a cinya, inda baba bai taɓa zuwa ba,
shi kaɗai ya gani, ya ja wando ya yi shiru.

Asuwaki ne ya fara tonawa,
bakinsa ja kamar an ci goro.
Sai ran Laraba, dab da la'asar,
haɓo ya ɓalle a kan farin yadin wani baƙo,
ya ƙi tsayawa.
Ɗanliti ya tare mana adaidaita,
ni ina riƙe da ƙyalle, ƙyallen yana ta nauyi.

Likitar ba ta ɗaga murya ba.
Ta duba takardar gwaji, ta dube ni:
Ban da wannan, me yake sha?
Na ce babu.
Ko na gida?
Na ce ai kurkur ne kawai, kayan miya.
Ta ajiye biro.
Ta ce ɗan barbaɗe a tukunya daban,
cokali biyu kullum kuwa magani ne,
shi ma yana jan jini zuwa ruwa,
kun sa jaki biyu jan igiya ɗaya.
Ta ce haka yake iya yi da asfirin,
mai shan maganin suga kuma ya iya kai shi ƙasa.
Da kin tambaya, in ji ta. Tambaya ba kuɗi.

Na so ƙasa ta tsage.
Abba, da auduga a hanci, ya yi 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.
Ya ce Likita, na fi ki sani.
Toka mai kyau ce, baba mai kyau ne,
amma in hannu ya zarce, rijiyar gaba ɗaya ake asara.

Kwana huɗu muka yi.
Ragowar garin na nan a kwalba bisa kanta,
na kasa zubarwa, na kasa taɓawa.
Jiya ya ɗebi kaɗan ya jiƙa a kwano,
ya tsoma tsohon hankicinsa shuɗi,
ya matse, ya miƙo mini.
Ya fito kore.
Ya ce Hansatu, kin gani?
Waye a cikinsu ya yi niyyar wannan?