Ɗan Kunne a Buhun Gahawa

Ƙarfe biyar na asuba a Hull,
iskar bakin teku tana yankan kunne.
Na ɗaga ƙyauren ƙarfe, na kunna injin gashi.
Buhu arba'in jingine da bango,
kowanne da koren hatimi a ƙirji
mai shaidar an saye shi da adalci.

Aikina ke nan: in farke, in auna, in zuba.
Kafin ƙwaya ta ga wuta sai ta bi ta rariya,
rariya kuwa ba ta da kara,
duk abin da ba gahawa ba sai ta tofar.
Tsakuwa. Ƙusa mai tsatsa. Rabin maɓalli.
Ƙwayar masara da ta yi ɓatan kai.
Norman a shara yake watsawa,
ni ina tarawa a tsohuwar kwalbar zuma.

Ranar Laraba rariya ta tofo ɗan kunne,
na tagulla, ƙugiyarsa a lanƙwashe,
bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.
Na juya buhun na karanta bayansa:
ƙungiyar manoma ɗari uku da sha ɗaya,
gindin Dutsen Elgon.

Na tsaya riƙe da shi har gashin farko ya ƙone.

Babana ma ya yi gahawa a Nguroje,
bishiya ɗari biyu a bayan gida.
Dillali kan zo da sikelinsa,
da farashinsa, da ƙafarsa a gindin buhu.
Ba ƙungiya, ba magatakarda,
kowa shi kaɗai a gaban sikeli
kamar tsinke ɗaya da aka ce ya share tsakar gida.
Shekarar da na shiga aji huɗu
ya sa gatari ya sare su duka, ya shuka dankali,
bai ƙara ambatar gahawa ba har ya koma.

Na roƙi Madam Hollis adireshi, na rubuta.
Hunturu ya wuce, furanni suka fito a Pearson Park,
sannan amsa ta zo daga magatakarda Wamboga:

"Na Wanyenze ne, mai tsintar ƙwaya a tebur na uku.
Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.
Ta ce ɗan kunnenta ya riga ta shiga jirgi.
Ta ce a faɗa maka rarar bara ta yi mana gada,
yara sun daina tuɓe takalmi a rafi.
Sikeli namu ne yanzu, a fili yake rataye,
mai shakka ya hau da kansa.
Amma taki ya yi tsada, ruwa ya zo a makare,
rufin ɗakin haihuwa saura rabi.
Tana kuma tambaya:
nawa ake shan kofi ɗaya a garinku?"

Kwana uku ina zagaya tambayar
kamar kaza a bakin murhu.
A gaban shago ana layi da laima,
fam huɗu ba ko canji,
wasu ma rabi suke sha su bari.
Na ɗau alli na yi lissafi a jikin buhu,
kofi nawa ke cikin kilo,
nawa ke komawa tebur na uku.
Ya fi abin da Babana ya taɓa gani.
Bai kai abin da zan faɗa da ƙarfi ba.

Norman ya leƙo ya ce, rage mata mana,
kada ranta ya ɓaci.
Na ce an rage wa Babana ya isa.

Na miƙe ƙugiyar da filaya,
na naɗe ɗan kunnen a auduga,
na rubuta fam huɗu, da lamba da kalma,
na ƙara da cewa: ku kai wannan taronku na gaba.

Ma'aikaciyar gidan waya ta ɗora ambulan a sikeli.
Na sunkuya ina duban allon,
ban ɗauke ido ba sai da lambar ta tsaya.