Ka Dawo Gobe

Ranar da zai tafi, hadari ya haɗu a kan duwatsun Gidar.
Na ƙirga sefa dubu tara a tafin malaminsu,
kowace takarda kamar allura a ƙarƙashin farce.
Kwana ashirin da ɗaya a Garwa, wai koyon wasa.
Na ce, wasa ma sai an koya?
Mu da muka yi langa a farin wata, wa muka biya?

Uwarsa ta naɗe masa tabarma da gidan sauro,
ta cika tsohon gwangwanin madara da ƙuli-ƙuli.
Ni wando biyu na ba shi,
daga ragowar yadin mutane.

Maikano ba ya magana.
Shekara goma sha huɗu yana gindin kekena,
yana tsintar zare, yana miƙo almakashi,
ka tambaye shi, sai ya gyaɗa kai.
Maƙwabta har tsiya suke mini:
ko bakinsa ma kai ka ɗinke?

Sau ɗaya ya kira, a wayar maigadi.
Wai su arba'in ne a ajin da aka kwashe bencina,
'yan Marwa, 'yan Mokolo, da wani ɗan Injamena mai gurmi,
wai da sassafe ana jera su a bakin Binuwai
su buɗe murya
har dorina ta ɗago kai ta dube su.
Wai miyar ba ta kai ta gida ba.
Sai kati ya ƙare.

Daren rufewa na je, rigata jiƙe.
Ruwa yana ta dukan kwanon rufi.
Labulensu zanen gado uku ne,
wanda ya haɗa su bai san bakin zare ba.

Aka yi rawa, ƙura ta tashi daga siminti.
Wata yarinya ta manta maganarta, ta yi dariya, aka tafa mata.
Sai ga wani tsoho, gashin baki na gawayi,
tef a wuya, tabarau a ƙarshen hanci.
Ya zauna a benci, ba keke ba yadi,
ƙafafunsa suna taka iska.
Ya ciji zaren da babu shi,
ya tofar ta hagu.
Ta hagu!

Mai kaya ya shigo: Ina rigar sallata?
Tsoho ya yi tari biyu, nawa sak,
ya gyara zama a kan yadin da ko yankawa bai yi ba,
ya ce: Saura maɓalli kawai, Alhaji.
Ka dawo gobe.

Ɗakin ya fashe.
Matar da ke kusa da ni tana share hawaye:
Wallahi telanmu ne na Pitowa!
Wani daga baya ya ce a'a, na Figil ne.
Na ja hulata har gira.

Da mai kaya ya fita, tsoho ya dafa ƙugu,
ya miƙe a hankali, kamar ƙofa mai tsatsa.
Ya rage fitila.
Ya zazzage aljihu, ya kasa tsabar kuɗi uku:
na cefane, na haya,
na ukun ya daɗe a hannunsa
kafin ya jefa shi a gwangwani,
ya leƙa inda yaro yake barci.

Nan ba wanda ya yi dariya.
Ruwan ma ya sassauta.
Ni dai na ɗauka, a irin wannan lokaci,
kowa a gidan ya yi barci.

A motar komawa ya jingina da kafaɗata,
gawayin bai gama fita daga leɓensa ba.
Magana ta cika mini baki, ta ƙi fitowa.
Sai da muka wuce gonakin auduga na ce:
Labulenku ya karkace.
Ya ce: Za ka gyara mana, Baba?
Na buɗe baki,
ya riga ni yin tarin.

Da asuba, kafin in karya,
na shimfiɗa yadin Alhaji Bappayo,
na sa almakashi.