Usur da Jan Biro

Biyar saura nake barin ɗakina a Agege,
usur a wuya, jan biro a aljihun gaba,
takardun 'yan aji uku a cikin leda
don ruwan Ikko ba ya sallama.
Kwandasta na ihun Oshodi, Oshodi,
ni ina duba lissafi a kan gwiwa.
Danfo ya faɗa rami,
sifirin wani yaro ya koma shida.

Takardar ɗaukata aiki shafi biyu ce:
ka koyar da lissafi,
ka ja addu'ar safe ran Juma'a,
ka horar da 'yan ƙwallo, ka ƙirga riguna bayan wasa,
ka zama abin koyi.
Na ƙarshen nan layi ɗaya ne tak,
ya fi buhun siminti nauyi.

Filinmu ɗan tsukuku ne
tsakanin majami'a da katangar gidan burodi.
In an kwana ana ruwa, kwaɗi ke riga mu atisaye.
Ni ke zuba toka in ja layi,
ni ke ɗaure targaɗe,
ni ke raba Chidubem da gola in sun cakume,
da Hausata, da buroka,
da guntun Yarabancin da na tsinta a mota.

Doka ɗaya na kafa:
ba aikin gida, ba fili.
Folarin ya taka ta sau uku.
Folarin, lamba bakwai,
wanda iska ke bi a baya tana haki.
Hedimasta ya kira ni ofis,
ya nuna mini gurbin da ya share wa kofi a kan kanta.
"Malam Habila, ai ko Ubangiji mai jinƙai ne."
Na ce jinƙai daban, maki daban.
Na fito ina jin kaina
kamar ni na haifi gaskiya.

Daren Alhamis, cunkoso a Ikeja.
Wani yaro da daron ruwan leda a ka
ya miƙa wa fasinja ta taga, mota ta tashi,
kuɗinsa na hannun mai saye.
Ya biyo mu.
Na san gudun nan.
Na san yadda kafaɗar hagu ke karkata.
Sau nawa na auna shi da agogo
ina yaba wa kaina?
Ashe kwalta ce kocinsa, ni ɗan kallo ne.
Ya cafe kuɗin a iska, ya ɗago,
muka haɗa ido.
Shi ya fara sunkuyar da kai.
Ni ya kamata.

Da safe na tsaya gaban yara ɗari uku,
na shirya musu magana a kan lalaci.
Ta maƙale mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.
Na ce, mu rera yabo kawai.

Ban soke dokar ba.
Ran Asabar a benci ya zauna,
jarkar ruwanmu a tsakanin ƙafafunsa,
ruwa dai, ruwa kuma.
Aka ci mu biyu da nema.
Mako guda hedimasta na amsa gaisuwata da hanci.

Yanzu ƙarfe huɗu nake fita.
Kafin a kaɗa ƙararrawa muna aji, ni da shi,
ba wuta, sai fitilar waya
da burodi guda da muke raba biyu.
Wani lokaci barci ya sace shi a tambaya ta biyar.
Nakan danna agogon tsere,
in ba shi minti goma cif,
in zauna ina gadin numfashinsa.
Wannan ba ya cikin shafi biyun nan.

Har yau ban sani ba ko daidai na yi ran Asabar.
Na tambayi Allah a kan gadar Oshodi,
hon ɗin motoci ya hana ni jin amsa.

Jiya ya ci bakwai cikin goma.
Na ɗaga jan biro zan rubuta,
sai na tsinci usur a bakina.