Awo

Shekara talatin da ɗaya ina awon mutane
a shagona na bayan Ƙofar Ƙaura,
kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu,
in rubuta da alli a bango.
Ban taɓa auna kaina ba.

Keken ɗinki ba ya son mai miƙe wuya.
Sai ka sunkuya masa kamar mai gaida suruki,
ido na bin allura,
ƙafa na taka feda, baya na biyan kuɗin.

Jikata Hanne ce ta fara faɗa:
"Kaka, ka rage tsawo."
Na yi dariya. Ran Juma'a a sahu
Sallau ya matso mu haɗa kafaɗa,
tasa ta sami iska, tawa na can ƙasa
kamar igiyar shanya da jiƙaƙƙen bargo ya rinjaya.

Sai ga ni gaban mai gashin ƙashi,
Ƙasimu, yaron da na yanka wa wandon makaranta.
Ya ce in tuɓe riga in tsaya.
Ya sako zare mai ƙarfe a baki
irin na magina,
daga ƙeyata har dunduniya.
Zaren ya miƙe. Ni ne ban miƙe ba.

Ya kwantar da ni rub da ciki,
yatsunsa na bin ƙashin bayana
ɗaya-ɗaya kamar mai jan carbi.
Ya tsaya a tsakiya, ya ce, "Baba, saki numfashi."
Ƙas!
Na yi salati. Ya ce ba karaya ba ce,
tsohuwar ƙofa ce ta tuna tana buɗuwa.

Bai ce na warke ba.
Ya ce icen da ya shekara talatin a karkace
ba a miƙar da shi a kasuwa ɗaya.
In ɗaga keken da bulo biyu,
in tashi duk na gama hannun riga,
in jingina da bango in ƙirga ashirin.

Wata huɗu ke nan.
Ciwon na nan, amma ya koyi sallama kafin ya shigo.
Jiya na ɗaga kai a hanya
na ga shirwa bisa ƙololuwar Gobarau.
Wa ya san tun yaushe take sauka can.

Rigar da na ɗinka wa kaina bara
yanzu ta ɗage a gaba,
don wa ƙusumbi na yanka ta.
Warware ta zan yi.
Hanne, ɗauko tef, hau kujera,
fara daga kafaɗa.