Kumfar Sabulu

Kafin kiran assalatu Hajiya Barira ta bugo:
"Nomau, ɗakin sanyi na gumi,
kifin Madarumfa ya fara sakin jiki."

Na ɗaure tulun gaz a bayan moto,
na ratsa Bagalam, karnuka na yi mini rakiya.

Inji na gurnani yadda ya saba,
wuta ba ta ɗauke ba,
amma allurar agogon awo ta kwanta
kamar wadda ta kwana da masassara.

Wannan mai gudun ba ya ɓalle ƙofa.
Ba wari, ba launi,
ba sawu, sai ɗan maiƙo
a gwiwar bututun jan ƙarfe
inda ƙura ta samu wurin zama.

Yarona Ɗan Jimma ya raɗa mini:
"Maigida, mu ɗura mata mu wuce.
Wata mai kamawa za ta sake kira,
jikka goma ce kuma."
Ban tanka ba.
Nima na taɓa yin wannan lissafi,
shekarar da na aza rufin ɗakina,
har yau ba na bin layin mai nonon nan.

Na ce ya miƙo kwano.
Ruwa, sabulu, soso.
Na durƙusa ina shafe kowace mahaɗa
kamar mai yi wa jinjiri wanka,
ƴar fitila a tsakanin haƙora.

Ta fari shiru.
Ta biyar shiru.
Liman ya sallame, ƙafata ta mutu.
Hajiya na tsaye kaina
tana ƙirga kwali, tana ƙirga bashi.

Sai can ƙarƙashi, inda hannu ba ya son zuwa,
kumfa guda ta ɗago kai,
ta kumbura kamar idon karfasa,
ta fashe,
wata ta gaje ta.

Ƙofar ba ta kai tsinin allura ba.
Ta nan sanyin wata uku ya bi,
ya hau sama
ya ƙara wa Maraɗi zafin da ba ta roƙa ba.

Na kunna wuta na liƙe.
Na sake shafawa. Na jira.
Jiran shi ne sana'ar.

Da hantsi raɓa ta fito wa bututu,
allura ta miƙe tsaye.
Hajiya ta ƙara mana kifi biyu a leda.
Ɗan Jimma ya wanke soson da kansa,
ya sa a aljihu, bai dube ni ba.